Yadda Ake Haɗa Taron Unguwa Kan Cimakar Gida da Noman Tsakar Gida

Duk shekara, daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, idan kayan miya suka yi tashin gwauron zabi, hirar majalisa ɗaya ce a Kano: tumatir ya gagari talaka, attaruhu sai mai hali. A yi ta ƙorafi har na damina ya shigo kasuwar Yankaba, sannan kowa ya manta sai baɗi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da yawa daga cikin gidajen da ake wannan kukan suna da tsakar gida mai samun rana, da ruwan alwala da ke bin rariya sau biyar a wuni, da akuya ɗaure a turke tana zubar da taki ana sharewa ana kaiwa bola. Ga ƙasa, ga ruwa, ga taki. Abin da ya rage shi ne iri, da wanda zai nuna, da maƙwabcin da zai riga ka farawa ka gani da idonka. Waɗannan ukun su ne aikin taron unguwa.

Kuma kada wani ya ce muku baƙon abu ne. Ganuwar Kano da aka gina, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki, domin idan an yi wa birni ƙawanya a samu abin kaiwa baka. Dattawanmu sun ga lokacin da jakuna ke fita da takin gari a mangala zuwa gonakin kewaye, su dawo da itace da kara. Abin da za ku yi tayar da tsohon aiki ne da ya kwanta.

Na shiga shirya irin wannan taro a unguwarmu fiye da sau ɗaya. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi, tun daga shawara har bayan an watse.

A fara da mutane kaɗan, kuma a san abin da ake nema

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. Idan sun fi haka, zama zai koma musu. A cikinsu lallai a samu wanda ya taɓa noman lambu da hannunsa, da mace aƙalla biyu waɗanda matan unguwa ke jin maganarsu (malamar Islamiyya, ko uwar adashe, ko ungozoma), da matashi mai waya da ƙwazon zirga-zirga, da mutum ɗaya da kowa ya yarda da amanarsa ya riƙe kuɗi.

A zaman farko ku amsa tambaya guda: wanda ya zo taron nan, da me zai koma gida? Idan amsar ita ce "da ilimi" ko "da wayewar kai", ba ku gama shawara ba. Amsar da nake so ku kai gare ta ita ce irin wannan: zai koma da ƙullin iri kala biyu, da dashe uku a leda, ya ga da idonsa yadda ake cika buhu da ƙasa don a yi shuka a ciki, ya ɗanɗani abincin da za a iya yi da abin da zai shuka, kuma an rubuta sunan gidansa za a leƙo bayan mako guda. Duk wani shiri da bai taimaki wannan ba, a ajiye shi.

Ku ƙayyade gidaje. Talatin ko arba'in sun wadatar a karon farko. Gara ku riƙe kaɗan ku bi su har su ci daga abin da suka shuka, da ku tara ɗari uku a ɗauki hoto a watse.

Gaisuwar manya

Ba a taro a unguwa mai unguwa bai sani ba. Ku je da kanku, mutum biyu ko uku, da ɗan goro, kada ku aika takarda. Ku faɗi maganar a gajarce: "Ranka ya daɗe, so muke mu tara maƙwabta a koya wa juna shuka kayan miya a cikin gida, mata su kawo girke-girken gargajiya a gani. Ba ƙungiya ba ce, ba siyasa ba ce, ba kuma rabon tallafi ba ne." Daga nan sai wajen liman: "Allah gafarta Malam, muna roƙon a sanar bayan sallah, a kuma sa mana albarka." Hadisin nan da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, to sadaka ce gare shi, Malam ya fi ku saninsa. Idan ya ambace shi a sanarwa, ya yi muku rabin aiki.

Maganar tallafi kuwa ku maimaita ta har a gaji da ji. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane ke cikin matsi, kuma duk inda aka ce taro, abin da ake fara tambaya shi ne, "Me za a raba?" Ba laifinsu ba ne, haka aka saba musu. Amma idan mutum ya zo da tsammanin shinkafa ko kuɗin mota kuka miƙa masa ƙullin irin rama, zai tafi da haushinku. Ku faɗa tun da wuri: iri za a raba, da dashe, kuma kowa ma da abin da zai kawo.

Idan ɗan siyasa ya ce zai ɗauki nauyi, ku gode masa, ku ce ya zo kamar kowa. Ranar da hotonsa ya hau bango, rabin unguwa sun fita.

Lokaci da wuri

Akwai lokuta biyu masu kyau a shekara, kuma kowanne da irin shukarsa. Na farko daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba: kaka ta yi, sabon gero da wake sun shigo, iri yana hannun mutane, sanyi na tafe. Lokacin tumatir ne da latas da kabeji da karas da albasa mai lawashi da lansir. Masu son haɗa taronsu da wata sananniyar rana suna iya ɗaukar 16 ga Oktoba, Ranar Abinci ta Duniya. Na biyu daga Mayu zuwa Yuni, gab da faɗuwar damina: lokacin rama da yakuwa da kuɓewa da alayyafo da lalo da zogale, masu son ɗumi. Kada ku raba irin kuɓewa a tsakiyar hunturu. Za ta tsaya cak ta ƙi girma, mai ita ya ce abin ƙarya ne.

Wuri kuwa, harabar firamaren unguwa ranar Asabar ko Lahadi, ko ta Islamiyya ranar Alhamis da ba a karatu. A samu inuwa, da ruwa kusa, da ban-ɗaki. Ku duba kada ranar ta yi karo da ɗaurin aure ko suna a layin. Daga hantsi zuwa kiran azahar ya isa. Abin da ya wuce awa uku gajiya ce.

Sai maganar mata, wadda a kanta taron zai tsaya ko ya faɗi. Tsakar gida tasu ce. Su za su yi ban-ruwa, su kori kaza, su tsinki ganye. Idan maza kaɗai suka halarta, buhunan za su bushe cikin kwana goma. A unguwar da mata ba sa fita taron da ya haɗa da maza, a yi zama biyu: na maza a haraba, na mata a babban gida ɗaya ko ajin Islamiyya, mace ta koyar. Kada na matan ya zama ragowar na maza. Idan dashe bai isa ba, su za a fara ba.

Kuɗi

Karo-karo. Abin da za a saya bai taka kara ya karya ba: hayar tabarmi ko 'yan kujeru, ruwan sha, ledar dashe, ɗan irin da babu a unguwa. Tsofaffin buhuna a roƙa wajen masu shago, taki wajen masu kiwo, toka wajen masu tuwon sayarwa ko gidan burodi. A rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita, a karanta a gaban jama'a.

Wata guda kafin taro: renon dashe da farautar iri

Nan ne yawancin masu shiri suke makara. Tumatir da latas da kabeji sai sun yi mako uku zuwa huɗu a gadon reno kafin su isa dasawa. Saboda haka ranar da kuka tsayar da rana, a ranar za ku ba mai lambun cikinku aikin reno. Zogale a ledar ruwan sha da aka huda ƙasanta yake tashi sumul, ƙwaya biyu a kowace leda.

Farautar iri ita ce aikin da na fi so. Ku bi gida-gida, musamman wajen tsofaffi da waɗanda ba su daɗe da barin ƙauye ba. A wani gida da muka shiga, wata dattijuwa ta saurare mu har muka gama, ta tashi ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai ƙulle-ƙullen tsumma, kowanne an barbaɗe shi da toka. Ta kwance ɗaya, ga ƙwayoyin kuɓewa baƙi-baƙi.

"Wannan daga garinmu na zo da ita tun ina amarya," in ji ta. "Gajeriya ce, amma yauƙinta ba irin na ta kasuwa ba ne. Duk damina sai na jefa biyar a bayan ɗaki don kada ta ɓace."

Na ce, "Inna, za ki ɗan sam mana mu raba wa mutane?"

Ta ce, "Zan bayar, ɗan nan, amma wanda ya karɓa ya bar ƙwaya biyu su bushe a jikin uwar, ya dawo mini da iri. Ba kyauta ba ce, aro ne."

Daga bakinta muka ɗauki dokar teburin iri, kuma ita nake ba ku: wanda ya karɓi cokali ɗaya, ya dawo da biyu bayan ya girbe. A samu littafi a rubuta sunan iri, da gidan da ya fito, da gidan da ya tafi.

Abubuwa uku za ku kiyaye a nan. Na ɗaya, a gwada kowane iri kafin ranar taro. A ɗauki ƙwaya 10, a jera a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a buɗe. Idan 8 sun tsiro, iri ne mai kyau. Idan ba su kai 5 ba, kada a raba shi. Na biyu, irin gwangwani ko na fakiti da aka rubuta wa F1, wato wanda aka yi wa aure, yana ba da yabanya mai kyau a shukar farko, amma idan aka cire iri daga 'ya'yansa ba ya maimaita halin uwarsa. A gaya wa mutane, kuma a ware shi daban, kada ya shiga littafin aro. Na uku, irin da aka shafa wa magani, mai launin ja ko kore ko shuɗi, guba ne a jikinsa. A nisanta shi da teburin abinci da hannun yara.

Idan kuna son ingantaccen irin wake ko dawa ko gero ga masu gona a bayan gari, ku nemi malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Kano, da ke kula da yankinku. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ita ke fitar da irin waken da sunansu ke farawa da SAMPEA da na dawa masu SAMSORG. IITA da ICRISAT, cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, duk suna da ofis a Kano, Jami'ar Bayero ma tana da cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa. Amma ku ajiye nasu gefe da gefe da kanannado da ƙaura da farfara da maiwa na gida, manomi ya duba ya zaɓa. Ingantacce yakan nuna da wuri, na gida kuma yakan ba da harawa ko kara ko ɗanɗanon da mai shi ba ya son rabuwa da shi.

Teburin abinci

Mutum ba ya shuka abin da ba ya marmari. Shi ya sa abinci ne zuciyar taron, ba ƙarin armashi ba. Ƙa'idar guda ce: abin da ake nomawa a ƙasarmu, kuma gwargwadon hali a sa ganyen da za a raba irinsa. Babu taliyar leda, babu lemon kwalba.

A raba girki tsakanin gidaje goma ko sha biyu, kowa kwano ɗaya, don ɗanɗano ake so ba ƙoshi ba. Kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli. Dambun masara ko na gero da aka cika wa ganye. Faten tsaki da yakuwa. Ɗanwake da garin kuka. Burabusko da miyar taushe mai kabewa. Tuwon dawa da miyar karkashi ko ta lalo. Wainar gero. A gefen sha: kunun tsamiya, kunun gyaɗa, zoɓo, fura da nono. A zuba wa yara goruba da aduwa da magarya da ɗinya da kanya a faifai, wanda lokacinsa ya yi. Za ku sha mamakin yawan yaran birni da ba su san sunayensu ba.

Kowace mai girki ta tsaya bayan kwanonta, ko wakiliyarta, ta faɗi yadda ta yi. A nan hira ke ɓarkewa da kanta: wannan ta ce ita sai ta zubar da ruwan farko na rama don tsami ya ragu, waccan ta ce ai tsamin shi ne daɗin. Ku bar su. Wannan musun ya fi kowace lacca amfani.

Ina son a samu mai miya ɗaya da daddawar kalwa zalla, babu dunƙule, a ba mutane su ɗanɗana ba tare da an faɗa musu ba tukuna. Ina kuma son a tuna wa jama'a cewa geron da wasu ke rainawa a matsayin abincin ƙauye, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum don shi da danginsa, saboda jure farinsa da amfaninsa a jiki. Mu da muka gaje shi bai kamata sai wani ya faɗa mana ba, amma faɗar tana sa matasa su ɗago kai.

Tsafta: butar ruwa da sabulu a bakin wuri, kwanuka a rufe, ganyen da za a ci ɗanye kamar latas da lansir a wanke shi da ruwa mai tsafta sau da yawa.

Aikin hannu a gaban jama'a

Gani ya kori ji. Ku shirya wurare uku, mutane su kasu, su riƙa zagayawa. A kowane wuri mai koyarwa ya yi sau ɗaya, sannan ya ja baya wani daga cikin masu kallo ya yi da hannunsa.

Wuri na farko, buhu. A samu buhun shinkafa ko na masara. A haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Idan ƙasar mai laka ce a ƙara yashi. A huda ƙasan buhun don ruwa ya fita. A samu babban gwangwani a cire masa gindi, a tsayar da shi a tsakiyar buhu, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye da shi, sannan a jawo shi sama a sake cikawa, har a kai baki. Tsakuwar nan ita ce hanyar da ruwa zai bi ya isa ƙasa. A jiƙa buhun sosai, a bar shi ya kwana biyu. A saman a dasa tumatir ko attaruhu biyu, ko kuɓewa. A jikin buhun a tsaga ƙananan ƙofofi, tazarar tsawon tafin hannu, a cusa dashen ganye. Da yamma ake dashe, ba da rana tsaka ba. Buhu yana son rana ta kamar awa shida, da ruwa safe ko yamma, a bazara kuwa duka biyun. Wanda ba shi da buhu, tsohon bokiti ko fasasshen baho ko jarka da aka yanke duk suna yi.

A faɗa wa mutane gaskiyar abin da za su samu. Buhu biyar ba za su hana ka zuwa kasuwa ba. Amma alayyafo yakan isa tsinka cikin mako uku zuwa huɗu, lansir ma bai kai haka ba, kuɓewa kamar wata biyu, zogale kuwa idan ya kai tsayin ƙugu aka datse kansa sai ya yi rassa ya riƙa ba da ganye shekara da shekaru. Ganyen miya da na kwaɗo, wannan gida zai iya ɗauke wa kansa.

Maƙiyan buhu a cikin gari ba ƙwari ne na farko ba. Akuya ce, da kaza, da ƙadangare mai cinye dashe tun yana ganye biyu. Tsohon gidan sauro da aka wanke, a kafa sanduna huɗu a lulluɓa, ya raba gardama. Masu zaman haya su nemi izinin mai gida, kuma kada a jingina buhu da bangon ƙasa ko a ɗora a kan rufin da ke tsatsafo.

Wuri na biyu, taki. A haƙa rami ko a keɓe lungu. A shimfiɗa busasshen ganye ko kara da aka sassara, a bi da ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, a bi da kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa. A soka sanda a tsakiya, a rufe. Bayan 'yan kwanaki a zaro sandar: idan da ɗumi, taki na dahuwa, idan sanyi ƙalau kuma a bushe, a ƙara ruwa, idan wari ke tashi, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. A juya duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi mai ƙanshin ƙasar damina. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi, kada a zuba shi kai tsaye. Takin bola kuwa ba irin na zamanin jakuna ba ne. Yanzu akwai leda da batir da fasassun kwalabe da allurai a ciki, don haka ban yarda a sa shi a buhun abin da za a ci ba.

Wuri na uku, maganin ƙwari da ajiya. 'Ya'yan darbejiya da suka bushe, a ɓare, a daka, a jiƙa kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako. Ba ya kashewa nan take kamar na kanti. Hana ƙwaro ci da hayayyafa yake yi, don haka da wuri ake farawa. Wanda ya tuna yadda tsutsar tumatir ta share gonaki a Kano da Kaduna a 2016 ya san ba kowace annoba darbejiya ke tarewa ba, amma ga ɗan lambun gida tana isa mafi yawan lokaci. A nan kuma a nuna buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe masa iska, ba tare da an zuba fiya-fiya ba. Saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, mu kuma shi muke dafawa. A nuna yadda ake shanya kauɗar tumatir a kan raga ko tabarma mai tsafta a sama, ba a gefen kwalta ba, domin idan na Kura da Kadawa ya cika kasuwa ya faɗi warwas, a saya a ajiye wa bazara.

Ruwa

Wannan tambayar za ta taso, ku shirya mata. Ruwan alwala, da na wanke shinkafa ko ganye, da na ɗauraya marar sabulu, duk a tara a bokiti a ba shuka. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan kwata, a'a. Kano ta san wannan matsalar: shekara da shekaru ana noman ganye a bakin rafukan Jakara da Getsi da ruwan da ya kwaso dattin gari da na masana'antun Bompai, kuma binciken masana ya sha nuna ƙarafa masu cutarwa a irin wannan ruwa. Masu lambun ba mugaye ba ne, ruwan da suka samu ke nan. Idan akwai su a kusa da ku, ku gayyace su da mutunci. Sun fi kowa sanin reno da dashe, kuma idan za a nemi rijiya ko burtsatse don lambu, da su ya kamata a nema.

Ga masu gona a bayan gari, a ware musu rabin awa da wani dattijon manomi kan barin itatuwa a gona. Abin da manoman Maraɗi suka yi tun daga shekarun 1980, wanda ake kira sassaben zamani, ba wani abu ba ne illa a daina tumɓuke kututturen da ke tohowa, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse saura. Da haka miliyoyin kadada suka sake yin itatuwa a Nijar. Gawo ya fi kowanne: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina yabanya.

Ranar taro

Kuskuren da muka yi a karon farko shi ne gayyatar babban baƙo da jiran isowarsa. Ya makara kusan awa biyu. Dashen da muka jera a rana ya yi yaushi, mata masu goyo suka fara zamewa, da ya iso kuma jawabai suka cinye sauran lokacin. Mutane da dama sun tafi ba su ga cika buhu ba. Har yau ina jin ciwon wannan.

Don haka: addu'a, mai unguwa ya yi maraba a taƙaice, sai aiki. Wurare uku na aikin hannu su ci awa ɗaya da rabi. Sai ɗanɗanon abinci. Rabon iri da dashe shi ne na ƙarshe, a bakin ƙofa, bayan an rubuta gida da lambar waya, domin idan aka raba da farko wasu za su karɓa su wuce. Dashe ya zauna a inuwa, a yayyafa masa ruwa. Yara a ba su aikin cika leda da ƙasa, kowane yaro ya tafi da zogalensa guda.

Bayan an watse

A raba gidajen tsakanin 'yan kwamiti, kowa biyar ko shida, mata su shiga gidajen da maza ba sa shiga. Zagayen farko bayan mako guda, don a maye gurbin dashen da ya mutu. Saboda haka ku rage kashi ɗaya cikin huɗu na dashen kada ku rabar duka. Zagaye na biyu bayan mako uku. Abin da za ku fi tararwa: ruwa ya yi yawa ganye ya yi ɗorawa, ko an ajiye buhu a inuwa shuka ta yi tsawo siririya, ko akuya ta yi ɓarna. Duk suna da gyara idan an zo da wuri. A buɗe zauren WhatsApp don turo hoto da tambaya, a kuma hana tura duk abin da ba na shuka ba. Waɗanda ba su da babbar waya, ɗan kwamitinsu shi ne wayarsu.

Gidan da abin ya karɓa, a roƙi masu shi su bar maƙwabta su leƙo. Gidan da ya ƙi, kada a kunyata su, a sake ba su iri.

Kafin ku tashi daga zagaye na biyu, ku tsayar da ranar zama na gaba, kamar wata uku bayan na farko. Wannan ba ya bukatar kujera ko sanarwa a masallaci. Kowa ya zo da kwano daga abin da ya tsinka a gidansa, da ƙullin irin da ya ara. A buɗe littafi a soke sunan wanda ya biya. Irin da ya fito daga hannun tsofaffi, kamar kuɓewar Inna, a fara auna nata a kai mata har ɗaki, sannan a zuba saura a busassun kwalabe da ɗan toka, a rubuta suna da wata da shekara a jiki, a ba mai amana ya ajiye a wuri mai sanyi har shuka ta gaba.